Langa Mai Ɗigo Biyu

Duk wanda ya san lungunan unguwar Magajiya ya san Luba matar Datti direba. A nan Suleja aka haife ta, a nan aka ɗaura mata aure, ba ta taɓa cika wata guda a wani gari ba. Sana'arta taliya 'yar murji. Tun da safe za ta ɗaure injinta a bakin benci, ta murza, ta shanya a igiya, kafin la'asar masu saye sun kwashe. Da wannan hannun ta rufa wa gida asiri lokacin da ciwon baya ya raba Datti da tuƙin motar Abuja, da shi kuma ta ga 'yarta Mardiyya ta gama karatu har ta samu aiki a wani kamfanin dillancin gidaje a can Abujan. Mace ce mai tsabta, mai saurin hawa da saurin sauka. Abu ɗaya ne bakinta bai iya furtawa ba, shi ne "na yi kuskure". Shi ne kuwa ya ci ta.

Falonta irin na da ne. Kabad mai gilashi cike da jeren da mahaifiyarta ta yi mata ranar aure: samiru, fantekoki, tangaraye masu zanen fure, an kifa wannan kan wancan har kusa da silin. Ga kujeru masu hannun katako, ga tabarmi a naɗe a bayan ƙofa. Ba wanda zai ce ɗakin ya yi kyau irin na hoto, amma ba a taɓa shiga aka tarar ba kowa ba.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da Daso. Daso ta girme ta nesa, mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗanta guda Khamis yana gyaran mota a Lambata. Sauran ɗakunan gidan 'yan haya ne, masu fita da asuba su kama motar Abuja, ba su dawowa sai gari ya yi duhu. Tun Luba tana amarya suka ƙulla ciyayya. Wata tsohuwar langa ce mai murfi take zirga-zirga ta saman katanga, a wani wuri da bulo ɗaya ya faɗi ba a mayar ba. Yau ta haura da tuwon Luba, gobe ta dawo da faten Daso. Ba ta taɓa tsallakewa a wofi ba, ko da ƙuli-ƙuli ne sai an jefa a ciki. Ba wadda ta san asalin mai ita. Wani biki da aka yi a unguwa kowacce ta ji tsoron kada ta ɓata, Luba ta ɗiga mata koren fenti a gindi, Daso ta ɗiga ja a gefensa, kowacce tana cewa, "Ta 'yar'uwata ce, ni aro nake."

Kuma langar nan ita ce gaisuwarsu, ita ce likitarsu. In magariba ta yi ba ta leƙo ba, mai jira za ta buga katanga.

"Yaya Daso! Kin mutu ne?"

"Sai na ga bayanki, Lubabatu! Wake ne ya ƙi dahuwa."

To, ana cikin haka shekara ta zo ƙarshe, Mardiyya ta samu hutu, ta zauna a gida da wayarta a hannu. Kullum sai ta matso kusa da uwar.

"Momi, kalli wannan falon. Kalli yadda ya yi fayau. Yanzu haka ake yayi, ba tarkace."

Luba ta karɓa ta duba. Bango fari, kujera fara, kafet fari, tebur na gilashi da wata tukunyar fure guda ɗaya a kai. Ɗaki ne da ba mutum a ciki, ba ko takalmi a ƙofa, ba alamar an taɓa cin tuwo da miyar kuka a wurin. Amma hoto ba ya nuna wannan, kuma ba wanda ya tsaya ya tambaya ina mutanen gidan suka tafi.

"Sabuwar shekara, sabuwar rayuwa," in ji Mardiyya. "Mu rage kaya, mu rage mai da gishiri, ki riƙa ɗan tattaki da safe. Kuma Momi, ki rage ɗaukar sabgar mutane a kai. Wallahi ina jin kunyar kawo abokan aikina gidan nan. Komai lokal."

Kalmar kunya ita ta soki Luba. Ita da ta murza taliya har kafaɗarta ta kusa gocewa, a ce 'yarta tana jin kunyar ɗakinta? Datti yana kishingiɗe yana jin rediyo, ya ce, "Ni dai a bar min kujerata, ta san bayana." Ba a bar masa ba.

Cikin 'yan kwanaki masu fenti suka zo, masu labule suka zo, aka shigo da fararen kujeru da ledarsu. Mardiyya ta kira mai gwangwan, irin masu tura baro suna karɓar tsohon ƙarfe. Aka fito da jeren nan kaf aka zube a tsakar gida. Luba ta ɗauki samira ɗaya ta juya ta, ta tuna hannun mahaifiyarta, sai ta ji idonta ya ciko. Don kada a gani ta shige ɗaki ta ce, "Ku ƙarasa." Mai gwangwan ya ɗora komai a baro, ya bar musu bokitan roba a madadi. Ranar langar ciyayya tana wajen Luba, an wanke ta an kife a bakin rijiya. Ta bi baro.

Washegari Daso ta zagayo ta ƙofa don ta yi Allah sanya alheri. Ta tsaya a bakin falo da goro a kumatu, ta daɗe tana kallo.

"Ikon Allah! Lubabatu, asibiti kika buɗe?"

"Kai Yaya! Yayi ne. Shigo mana."

Ta shigo a hankali kamar mai taka ƙwai. Tana shirin zama, Mardiyya ta yi wuf ta shimfiɗa wani tsohon zani a kan kujerar. "Inna, zauna a nan." Daso ta kalli zanin, ta kalli yarinyar nan da ta sha goyawa tana jaririya, sai ta sulale ta zauna a ƙasa.

"Nan ya fi min, 'yar nan. Ina jeren da Hajiyarki ta yi miki?"

"An rage kaya," in ji Luba, tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Daso ta ce, "Uhm. Allah ya sa a mora." Ba ta jima ba ta tafi.

Da yamma Luba ta gama tuwon shinkafa, ta nemi langa sama da ƙasa. A nan ta tuna da baron mai gwangwan. Abin da ya kamata ta yi bai fi ƙarfinta ba: ta je bakin katanga ta ce, Yaya, na yi ɓarna, langarmu ta bi mai gwangwan. Da Daso ta zage ta tas, su yi dariya, a nemo wani kwanon. Amma bakin Luba bai iya wannan ba. Mardiyya ta ɗauko wata farar roba mai murfi, irin ta gidajen sayar da abinci, ta ce, "Wannan ma ta fi tsabta." Luba ta zuba, ta ce ita hannunta da aiki, Mardiyya ta miƙa.

Luba tana daga kicin ta jiyo su.

"Ina langar?" in ji Daso.

"Inna, wannan ta yarwa ce. In kin gama ki jefar kawai, ba sai an dawo da komai ba."

Yarinyar da zuciya ɗaya ta faɗa, a ganinta ta hutar da tsohuwa wanke-wanke. Ita ba ta san me ta ce ba. Amma Luba ta sani! Ciyayya kwano ne mai komawa. Ka ba mutum abinci ka ce kada ya dawo da komai, ka mayar da shi mai karɓar sadaka ke nan, ka kuma ce masa nasa ya ishe ka. Luba tana tsaye da ludayi a hannu, taku kaɗan ne tsakaninta da katanga, ba ta yi su ba. Ta ce a ranta, gobe na gyara.

Gobe ta yi, ba abin da ya hauro. Jibi ma haka. Maimakon ta buga katanga yadda ta saba, sai Luba ta hau. Ta ce wa Datti, "Ka gani ko? Baƙin ciki take da falona. Tunda ta ce asibiti na san da magana."

"Daso ce mai baƙin ciki?" in ji Datti. "Matar da ta wanke ki kina jego? Ki dai je."

"Ba inda za ni. Ni ce na miƙa na ƙarshe."

Haka aka shiga sabuwar shekara. Mardiyya ta kawo abokan aikinta sau ɗaya, suka ɗauki hotuna, suka ce gidan ya haɗu, suka tafi. Matan unguwa da suke zuwa hira da tsinkar zogale suka ɗauke ƙafa, don wa zai kawo jikoki da hannun manja kan farin kafet? Datti ya koma zaman zaure a kan buzu, ya ce kujerun nan santsi gare su. Tattakin safe bai kai mako ba. Luba ta koma murza taliyarta a tsakar gida, ta juya wa katanga baya. In sun haɗu a hanya sai "ina kwana", "lafiya lau", kamar waɗanda suka haɗu a tasha. Wani lokaci da magariba takan ji motsin Daso a ɗaya gefen, ta ji ta tsaya daidai wurin bulon nan, sai kuma takun ya koma.

Azumi ya rage kaɗan, wata Asabar da hantsi, aka buga ƙofa da ƙarfi. Chioma ce, ɗaya daga 'yan hayar Daso, ko ɗankwali babu.

"Mama Mardiyya, zo, zo! Mama ta faɗi, ba ta magana!"

A bayan ƙofar ɗakinta suka same ta kwance, ɓarin jikinta ɗaya ya saki, bakinta ya karkace. Tukunyar da ta ɗora ta daɗe da hucewa, har ta fara tsami. Tun jiya ne, ko tun shekaranjiya? Ba wanda ya sani. 'Yan haya sun fita da asuba sun dawo da duhu, kowa ya ɗauka tana ciki tana hutawa. A asibiti likita ya ce da an kawo ta da wuri da abin bai kai haka ba. Bai san da wa yake magana ba. Luba ta jingina da bango. Da langa tana yawo, da tun magaribar farko ta buga katanga.

Da aka sallame ta, Khamis ya ce ba zai sake barin ta ita kaɗai ba, ya tafi da ita Lambata.

Luba ta bi wuraren 'yan gwangwan ɗaya bayan ɗaya, da mayafinta, tana tona tulin ƙarafa. Suka yi mata dariya. "Hajiya, kayan wancan watan ai sun daɗe da narkewa." A ƙarshe ta samu wata tsohuwar langa a wajen mai kayan gwanjo, furenta kusan iri ɗaya. Ta tuƙa tuwo mai laushi, ta yi miyar kuka da man shanu yadda Daso take so, ta ƙulle a ɗankwali, ta shiga motar Lambata da shi a cinya.

Muhsina matar Khamis ta kai ta ɗakin. Daso tana jingine da filo, ta rame. Luba ta durƙusa ta ajiye langar.

"Yaya, na kawo miki tuwo."

Daso ta miƙa hannun da yake aiki. Ba murfin ta buɗe ba. Ta karkata langar, ta leƙa gindinta, ta shafa da yatsa. Ba kore, ba ja. Ta ɗago ta kalli Luba.

Sai a lokacin maganar ta fito, a inda ba ta da sauran amfani. "Ta bi mai gwangwan, Yaya. Tun ranar. Kunya ce ta hana ni faɗa miki. Ba ciyayyar na yanke ba, wallahi ba ita na yanke ba. Ni na yi kuskure."

Daso ta motsa baki, sauti ya fito ba kalma. Ko zagin nan ne da ta saba, ko wani abu ne daban, Luba ba za ta taɓa sani ba. Muhsina ta ba Daso loma kaɗan ta ci, ta juye sauran, ta wanke langar ta goge, ta miƙo wa Luba.

"Ga kwanonki, Mama. An gode."

Nan Daso ta fara gurnani tana buga katifa. Muhsina ta rikice. "Inna, ruwa? Bayi za ki?" Ita kuwa sai jan haɓar zaninta take da hannu ɗaya, ƙullin ya ƙi kwantuwa. Luba ta gane. Ta matsa ta kwance mata. Ɓarin goro ne, ya bushe ya yi baƙi. Ba ta da tukunya a gidan nan, ba ta da murhu, abin da ya rage nata ke nan. Ta ɗauka da kyar, ta jefa a cikin langar, ya yi ƙara. Sannan ta lumshe ido.

Luba ta dawo Suleja da la'asar. Ta shiga falon nan fari, ta ture tukunyar furen gefe, ta ajiye langar a tsakiyar teburin gilashi. Da Mardiyya ta dawo daga aiki ta gani, ta kai hannu za ta ɗauke, ta kalli fuskar uwar, ta bar ta a wurin.

Har yanzu Luba tana murza taliya, kuma duk Juma'ar da ta samu hali takan shiga motar Lambata. Amma Lambata ba bayan katanga ba ce, kafin a isa tuwo ya huce. Ɗakin Daso an zuba sabon ɗan haya, kuma abin da ya fara yi shi ne ya sa aka mayar da bulon nan.