Ƙuri'a Ɗaya a Gidan Tela

Ranar da aka ƙirga ƙuri'un zaɓen kansila, telan layinmu, wanda shi ma ɗan takara ne, bai jira a gama ba. Ya haye benci a gaban rumfar zaɓe cikin sababbin kayan da ya ɗinka wa kansa, ya ɗaga hannu zai yi wa jama'a godiya, sai wandon ya yage ta baya har cinya. Yana dafe da wurin da hannu biyu jami'in zaɓe ya karanto nasa sakamakon: ƙuri'a ɗaya.

Bawan Allahn nan shekara talatin yana taka keken ɗinki. Hannunsa da kyau, ba a musu, amma in ka kai masa ɗinkin aurenka, sa ran karɓa lokacin da ɗanka ya fara rarrafe. Duk da haka shi a ganinsa duk wanda ya taɓa gwada wa riga nasa ne.

Faɗuwar ba ta dame shi ba kamar lissafin gida. Su huɗu suka fita zaɓe: shi, mai ɗakinsa, mahaifiyarsa da ƙaninsa. Ya tsare su ɗaya bayan ɗaya. Matar ta rantse shi ta dangwala wa. Tsohuwa ta ce wa za ta zaɓa in ba ɗan da ta goya ba. Ƙanin ya ce haba Yaya, wannan ma abin tambaya ne? Shi kuwa ya san inda ya sa yatsansa. To ina sauran ukun?

Nan bincike ya tashi. Ya ce ya lura da hannun rigar jami'in, faɗinsa zai ɗauki ƙuri'a arba'in. Ya ce akwatin zaɓen yana da shafi a ciki kamar aljihun kwat, ido ba ya gani sai na tela. Daga baya kuma ya ce tawadar ce aka haɗa, ta bushe a kan sunansa ta fito a kan na wani. Duk wanda ya je gwaji sai ya sha bayanin nan, tef ɗin awo a wuya, ba halin gudu.

Maƙwabcinsa malamin makaranta, wanda ya yi aikin sa ido a rumfar, ya gaji. Ya zo shago ya bayyana masa cewa akwatin roba ne garau, ana hango cikinsa, kuma a gaban kowa aka zazzage shi aka ƙirga sau biyu.

"Tela, ba wanda ya sace maka komai," in ji shi. "Ka koma gida ka sake tambayar mai ɗakinka, ta dube ka ido da ido."

Tela ya ciji zare ya tofar, bai ko ɗago kai ba.

"Malam, ashe karatun naka bai kai nan ba. Akwatin zan iya kiransa ɓarawo in kwana lafiya. Ita in na kira ta maƙaryaciya, a gidanka zan riƙa cin abinci?"