Sikeli Biyu na Kawu Seidu Tafinta

"Ka gani, ko an gaya maka?" Duk wanda ya zauna unguwar Nima a zamanin Kawu Seidu ya sha wannan tambaya. Ko ce masa ka yi ana ruwa, sai ya miƙa hannu ta taga ya taɓa kafin ya yarda. Shekara da shekaru yana tafinta a kotun majistare, yana juya Hausa da harshen Twi zuwa Turanci. Da ya yi ritaya bai baro kotun a can ba, ya kwaso ta ya girka a bencin ƙofar gidanmu. Ƙanen mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi.

Kun tuna shari'ar akuya? Hajiya Mariya ta shanya garin rogo a tsakar gida, ta dawo ta tarar an cinye rabi. Ta jawo akuyar maƙwabta da igiya har gaban benci.

"Malam Seidu, ga ɓarauniya! Dubi bakinta fari fat!"

"Hajiya, kin gani, ko an gaya miki?"

"Bakin ne ya gaya mini!"

"Jiya aka shafa wa bangon masallaci farar ƙasa. Akuya tana lasar bango."

"To wannan tumbin fa?"

"Ciki ne da ita. Mai zargi shi ke kawo hujja, Hajiya. An sallami akuya."

Washegari da hantsi aka kama ta, kanta tsundum cikin tiren garin rogon. Hajiya ta zo tana huci. Kawu ya gyara hula ya ce, "Wannan sabuwar shari'a ce. Ta jiya tana nan daram."

Ba kullum abin ke zama na dariya ba. Wata rana a kasuwar Nima aka yi ihun ɓarawo, wai wani ya fizge agogo. Mutane suka rufe shi da duka. Kawu ya kutsa, ya buɗe laimarsa a kan mutumin yana ihu, "Wa ya gani? Ina agogon? Wa ya ji ta bakinsa?" Shi ma ya sha gora biyu a kafaɗa. Kafin hayaniya ta lafa, mutumin ya sulale ta bakin babbar kwata, da laimar Kawu a hannu.

Ina gasa masa kafaɗa da ruwan zafi na ce, "Kawu, yanzu dai ka yarda ɓarawo ne."

"Na ga ya gudu da laima. Ban ga ya ɗauki agogo ba. Kuma a kan agogo za su kashe shi. Matsa nan, ka bar surutu."

Sai tawa shari'ar, wadda har yau nake jin ciwonta.

A lokacin ina ɗinki a unguwar Maamobi, duk abin da na samu yana ƙarewa a 'yan littattafan soyayya da nake saye a kasuwar Makola. A cikinsu, in mace tana son ka sai ta aiko wasiƙa mai ƙamshin turare, ko ta suma, ko ta yi kuka a ƙarƙashin bishiya. Ramatu mai koko da ƙosai a bakin layinmu ba ta suma. Ƙosai kawai take ƙara mini, biyu kullum, har a shekarar nan ta yunwa da mutane ke bin layi don ƙwayar masara. Ni kuwa ina jiran wasiƙa.

Wata safiya Kawu ya buga benci da tafin hannu. "Awudu, zauna. Yaushe za mu je gidan su Ramatu?"

"Kawu, ban tabbata tana sona ba."

"Ƙosai nawa take ba ka?"

"Bakwai."

"Ni nawa?"

"Biyar."

"Kuɗi ɗaya! Shaida ta farko ke nan. Ta kawo maka zane ka gyara, na duba, babu inda ya yage. Ta biyu. In ka wuce, ludayi yana zuba a gefen kofi. Wannan da idona na gani, don rigata ce ta sha."

"Amma ba ta furta ba. Kai ne fa kake cewa sai an kawar da kokwanto."

Ya dube ni kamar na zagi alƙali. "Kai, ɗan banza, shekara nawa kana zama a bencin nan ba ka koyi komai ba? Sikeli biyu ne a kotu. In za a ɗaure mutum ko a kashe shi, sai hujja ta kai inda mai hankali ba zai yi kokwanto ba. In kuwa rigimar fili ce ko ta alkawari, ana duba ɓangaren da ya rinjaya, ko da kaɗan ne. Kashe Ramatu za ka yi? Rinjaye ya isa! Ɗauko hularka."

Ban ɗauko ba. Na ce a ba ni wata ɗaya. Wata ɗaya ya zama bayan Sallah, bayan Sallah ya zama bayan damina. Na rubuta mata wasiƙa mai shafi huɗu, da wata da taurari da teku a ciki, na ajiye a ƙarƙashin keken ɗinki ina jiran ta fara aiko tata.

Wani direban trotro, motar haya, daga unguwar Malam, wanda bai taɓa karanta littafi ko ɗaya ba, ya sha koko sau uku ya turo iyayensa.

Ranar ɗaurin auren na zauna a benci kamar wanda aka yi wa rasuwa. Na zaci Kawu zai lallashe ni. Sai ya ce a hankali, "An kori ƙara. Mai ƙara bai bayyana ba." Ya tura mini rabin goronsa. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Da ciwonsa ya yi tsanani na tambaye shi ko yana jin tsoro. Ya yi murmushi ya ce, "Wannan Alƙalin ba ya neman tafinta, Awudu, kuma ba gaya masa aka yi ba. Ba hujja zan kai ba. Roƙo zan kai."

Ramatu ta zo addu'ar bakwai, jikarta a goye. Ta kawo ƙosai cike da roba. Da ta zo kaina ta zuba mini ba ta ɗago ido ba, ta wuce. Na ƙirga. Bakwai ne.

Kawu, ka yi gaskiya, ni ne ban zo ba. Ya Allah, ga bawanka Seidu, wanda ya buɗe laima a kan mutumin da bai sani ba. Ka sauƙaƙa masa hisabi, ka sa kyawawan ayyukansa su rinjaya, ka lulluɓe shi da rahamarka. Amin.