Turke Huɗu, Sai Malam Ya Tsaya

Maigidana Malam ya yi wata takwas yana yi mini ƙarya, kuma har yau ban ce na yafe ba. Ga yadda na kama shi.

Mun tashi da asuba daga Kaduna, ni da shi, za mu Kafanchan gaisuwar mutuwa. Abokin aikinsa ne na zamanin reluwe ya rasu, wani Ibo da suka tsufa tare a gyaran layin dogo. Tun a ƙofar gida zuciyata ta ƙi kwanciya. Daga gidanmu zuwa titi ba nisa, amma Malam ya ce a kira keke. Mutumin da ke zuwa kasuwa a ƙasa don kada mai babur ya ci kuɗinsa! Ga shi kuma ya sa safa da takalmi sau-ciki, ba sanyi ba biki.

Direba ya cusa mu huɗu-huɗu, wata mata ta ɗora mini kwandon kaji a cinya. Bayan Kachia ko'ina kore shar, gonakin citta hagu da dama, ramukan hanya kuwa har hanjina sai da ya san da su. Masara gasasshiya uku na saya da kuɗin da bara zai sayi shida.

A Zonkwa direba ya ce iyakarsa ke nan, mu taka zuwa ɗaya tashar. Nan Malam ya fara abin mamaki. Ya tsaya ya tayi citta. Muka ɗan taɓa tafiya, ya tsaya ya tayi zuma. Gaba kaɗan ya tayi zakara. Bai sayi ko ɗaya ba, kuma shekara talatin da biyar ban taɓa ganin ya tambayi kuɗin albasa ba. Na ce a raina taba ce. Ya rantse gaban 'ya'yansa ya bar ta, yanzu so yake in yi gaba ya sayi kara ɗaya. Sai na manne masa kamar kaska.

Da muka sauka Kafanchan na hana a hau babur, don in ga ƙarshen abin. Ni da jikokina na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma malamarmu ta ce abin da kike zargi ki ƙirga shi. Na shiga ƙirga turakun wutar lantarki a hanyar tsohon kwatas na reluwe. Turke huɗu, ya tsaya wai yana tuna gidan wane. Turke huɗu, ya tsaya gyaran hula. Yakan yi kamar tsawon gaisuwa biyu, sannan ya wuce garau. Mai neman taba ba ya tsayawa da lissafi. Na fara tunanin ko akwai abin da yake tsoron tararwa a garin nan.

Matar mamacin tana zaune a baranda, ashe tun daga nesa take kallonmu. Muka yi mata gaisuwa, ta kawo faten acca da yakuwa, mai daɗi ƙwarai. Ba ta bari Malam ya kai cokali na uku ba ta ce, da irin Hausarsu ta can:

"Oga, cire takalmi naka. Wannan tafiya da ka yi, na san shi."

Ya yi dariya, ya ce Madam ba ta canza ba. Na ce ya cire ko in cire masa. Daga safar hagu kwalin taba ya faɗo. Amma abin da na gani a ƙafar dama ya fi shi. Na taɓa ta, sanyi ƙalau kamar randa. Ƙwaurin ya yi sulɓi, ba gashi ko ɗaya. A babban yatsa ga wani ɗan miki da ya ƙi warkewa, yana ta gasa shi da ruwan zafi a ɓoye.

Madam ta nuna mana sandunan guragu biyu a bayan ƙofa. Ta ce haka mijinta ya fara, shi wajen masu jarida yake fakewa. Likita ya gaya musu hanyoyin da ke kai jini ƙafa ne suka tsuke, kamar famfon da tsatsa ta cinye. In mutum yana tafiya naman ƙafa na neman ƙarin jini, bai samu ba, sai sha-raɓa ta ɗaure. In ya tsaya ta sake shi. Taba da ciwon suga ne ke ƙara rura abin. Sun je asibiti a makare, aka yanke ƙafar daga gwiwa. Ta ce ita ba likita ba ce, amma shekara bakwai ta yi tana jinyar wannan ciwo.

Na juya na tambayi Malam tun yaushe. Ya ce wata takwas. Na ce me ya sa ya ɓoye.

"Tsoro nake a ce za a yanke, Hajiya."

"To ɓoyon ne zai hana a yanke? Dubi bayan ƙofar can."

Bai duba ba.

Da azahar muka kamo hanya, kafin magariba muna gida. A hanya bai tayi komai ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, zargina bai yi ƙarya ba, amma ya tsaya a kan kwalin taba alhali ƙafa ce ke mutuwa a gabana. In naku ya fara tsaye-tsaye a hanya ba dalili, ku bar sauraron bakinsa, ku sa ya cire takalmi.

Washegari da na idar da sallah na jefa kwalin a murhu, na ɗauko katinsa na asibiti, na yafa mayafi na tsaya a bakin ƙofa. Ya ce ko a bari sai Litinin. Na ce keke na waje yana jira. A bayan katin na rubuta da hannuna abin da zan nuna wa likita, don kada Malam ya riga ni baki: turke huɗu.