Kwana Uku Kafin Ranar Asibiti

Wata bakwai ke nan ban ce komai a zauren nan ba. Na ga saƙonninku, musamman ku tsofaffin ɗalibaina da kuka yi ta tambaya ko Malama Rifkatu ta daina shiga intanet ne. Ban daina ba. Ina kwance ne a asibitin Shika, ana shawarar ko a yanke mini ƙafa ko a bar ta.

Yau na iya takowa da sanda zuwa shagon intanet a nan Samaru, kuma ina so ku ji daga bakina.

Shekara huɗu da suka wuce aka ce ina da ciwon suga. Da ƙishirwa abin ya fara. Ina tsakar darasi sai in fita fitsari sau biyu, rigunana duk suka yi mini yawa. Aka ba ni ƙwayoyi, aka ce in riƙa zuwa duk wata biyu a gwada jini.

A layin gwajin na haɗu da Mama Nkechi, mai sayar da kwanuka a kasuwar Sabon Gari. Ita ta koya mini dabarar da matan bencin asibitin suke yi don kada likita ya yi faɗa. Kwana uku kafin ranar asibiti a bar tuwo da shinkafa da burodi, a sha ruwan shuwaka safe da yamma, a haɗiyi ƙwaya a kan lokaci. Sai sakamako ya fito fes.

Ni da nake koyar da ilimin halittu. Ni da nake faɗa da ku a kan karatun rana ɗaya kafin jarrabawa. Shekara uku na yi ina wannan.

Likita ya yaba, in fito, in tsaya a Sabon Gari in sha lemon kwalba. Sauran kwanakin kuwa ƙwayar sai na tuna. Maigidana idan ya ga ina murza shuwaka sai ya ce Malama ta shiga karatun jarrabawa, mu yi dariya.

Wata Asabar ina jiran tela a kasuwa, na miƙa wa mai yankan farce ƙafata. Can sai na ji yana ba ni haƙuri. Na duba, ga jini a babban yatsa. Ban ji komai ba. Har na ce masa hannunsa yana da sauƙi.

Na yi ta gasa wurin da ruwan gishiri, ina sa takalmi ina zuwa aiki. Bayan kwana goma maigidana ya shiga ɗaga kujeru yana neman mushen ɓera. Ƙafata ce. Yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ya fara bi.

A ranar aka ba ni gado.

Likita ya sa aka yi wani gwaji mai nuna yadda suga yake a jini tsawon wata uku. Shuwaka ba ta iya ɓoye wannan. Ya zo da takardar, ya buɗe fayil ɗina yana juya shafuka, ya ce, "Malama, wannan fayil na wata mata mai lafiya ne. Ina naki?"

Na faɗa masa komai a gaban maigidana. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ai ba maki nake ba ki ba. Da lambar nan nake auna maganinki." Sannan ya ɗauki biro ya ja layi a saman idon sawuna. Ya ce yatsun biyu sun riga sun mutu, za a cire. Idan kuma kumburin ya haye layin nan, ƙafar za ta tafi daga ƙasan gwiwa.

Allurar insulin sau huɗu a rana. Ƙarin ruwa. Wankin ciwo kowace safiya, ana kankare ruɓaɓɓen nama ina kallon silin. Bandeji da safar hannu da allura duk mu muke saya. A sati na uku maigidana ya sayar da babur ɗinsa.

Da gari ya waye, kafin addu'a ma, layin nake dubawa.

Gado na huɗu daga nawa, Mama Nkechi ce. An riga an yanke ƙafarta. Ranar da ta gane ni ta ɗaga zanen gado ta nuna mini wurin, ta ce, "Malama, mun ci jarrabawa, ko?"

An sallame ta kafin ni. Ina kwance aka zo mini da labarin jana'izarta.

Kumburin ya hau har saura faɗin yatsa ɗaya ya taɓa layin. A nan ya tsaya kwana biyu, sannan ya fara ja da baya. Sati goma sha ɗaya na yi a gadon. Na fito da ƙafata, babu yatsu biyu.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitan da nas-nas ɗin da ba su taɓa toshe hanci a gabana ba, da matan zumunta na cocinmu da suka yi ta kawo faten acca, da maigidana da yanzu yake zuwa aiki a ƙasa.

'Ya'yana, da yawanku kuna da mai suga a gida. Ku cire masa takalmi ku duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kullum, don shi ba zai ji ba. Kada reza ko almakashin kasuwa su taɓa shi. Ƙaramin rauni ma a kai asibiti a ranar. Idan kuma kun ga an fara murza shuwaka ana gobe jibi asibiti, ku karanta masa wannan.

Mu masu ciwon, likita yana ganinmu minti goma ne a wata biyu. Sauran kwanakin a hannunmu suke.

Yanzu ina da ɗan injin gwaji da littafi. Jiya na ci shinkafar biki fiye da ƙima, yau da safe lambar ta yi muni. Na rubuta ta yadda take. Jibi ina da asibiti, kuma haka zan miƙa masa.