Ƙanena a Kan Rimin Akinyele

A shekarar da Amurkawa suka taka wata, yaƙin basasa bai ƙare ba. Mu kuwa muna da ƙungiya a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarabawa, ba mu da aiki sai karatun littattafan hotuna na masu yawo a taurari. A shagon wani tela muke taruwa. Dattawa 'yan goro suna kiranmu 'yan sama jannati, kuma ba yabo ba ne.

Sai direbobin shanu suka zo da labarin wani abu mai ƙyalli ya faɗo daga sama, ya maƙale a kan wani rimi a Akinyele. Nan take muka yanke cewa ɓallin kumbo ne, muka sa ranar zuwa.

Da safen ranar Inna ta ja ni gefe. Ta ce ƙanena, autanmu, ya rabar da tantabarunsa kaf ga maƙwabta, yaron da ko tuwonsa zai ba tantabarun ya kwana da yunwa. Dama ya ishe mu da zancen shi sojan sama zai shiga, ga motar ɗibar sababbin sojoji tana tashi daga Mokola, kusa da unguwarmu, da la'asar. Ta riƙe hannuna ta ce, "Ka dawo mini da shi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da me zan riƙe ƙato wanda ya fi ni tsawo? Tare da shi muka tafi, duk hanya ina hararsa, shi ko sai kallon rana yake.

Rimin na nan a bakin wata gona, abin yana walƙiya can ƙololuwa. Muna ta musun wa zai hau, ƙanen nawa ya tuɓe takalmi. So yake a gama da wuri. Ya hau kamar biri, har ya kai reshen, ya finciko abin ya jefo mana. Tsumman balan-balan ne na masu auna yanayi, telanmu ya shafa ya ce ko aljihu ba zai yi ba.

Sannan ƙanena ya dubi ƙasa.

Shi ke nan, ya rungume reshe ya ƙame. Muka yi lallashi, muka yi zagi, ko motsi. Can na ji ya ce: "Yaya, ba zan iya ba."

Wallahi tsoro ya kama ni, kada ya faɗo. Amma da na ga inuwar rimin ta fara miƙewa gabas, sai na daina gaggawa. Aka ce akwai wani tsoho Bayarabe mai hawan kwakwa a ƙauyen gaba. Ni na tafi kiransa, kuma na gaishe da kowa a hanya, har da tambayar iyali.

Tsohon ya zo da igiyarsa, ya sauko da shi a hankali yana yi masa magana kamar jariri. Kafin mu iso Mokola an kira magariba, motar ta daɗe da tafiya. 'Yan ƙungiya suka yi ta tsokanarsa, mai tuƙa jirgi an kasa sauka daga rimi. Ni kuwa daɗi ya cika ni.

Inna tana bakin ƙofa. Ba ta tambaye mu kumbo ba. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta nuna masa kan ɗaki inda tantabarunsa suka jeru, ta ce, "Je ka ba su hatsi, sun riga ka dawowa."