Jirgin Hantsi da Jana'izar Baba

A tashar Kibiya mota ba ta tashi sai ta cika, kowa ya san haka. Amma idan mutum ya zo ya ce rasuwa aka yi masa, gardama ta ƙare. 'Yan kamasho su tura shi gaba, direba ya tashi ko da giɓi, ana ta Allah ya jiƙan musulmi. Da wannan na girma, na ɗauka ko'ina haka ake yi.

Ina aiki a Abuja lokacin da ƙananan kamfanonin jirgin sama suka yi yawa. A da sai alhazai, yanzu har irina an zama 'yan jirgi. In na je gida Tarai sai in yi ta cika baki wai Kano awa ɗaya ce. Baba ya yi dariya ya ce, "To ai ka zama maƙwabci."

Ranar da ya rasu, Baffa, ƙaninsa, ya kira ni bayan asuba. A wurinmu ba a jiran kowa da gawa, ana gama wanka da sutura sai maƙabarta. Na roƙe shi.

"Baffa, akwai jirgin hantsi. Kafin azahar ina gida."

Ya ce, "Kai ne babba. Za mu jira ka zuwa la'asar."

Wani tela ɗan Madachi da muke unguwa ɗaya a Abuja ya ce in zo mu bi mota tare. Na ce ya yi gaba, can zai tarar da ni.

Hantsi ya wuce muna zaune a filin jirgi. Wata murya ta ba mu haƙuri ta lasifika, ba ta faɗi dalili ba. Wanda ke kusa da ni ya ce ai fasinjan safe ba su da yawa, haɗa mu za a yi da na yamma. Ashe shi ma jirgin sai ya cika! Na je wurin ma'aikaciyar da ke bayan kantar tikiti, na faɗi abin da na san yana tayar da mota.

"Baiwar Allah, rasuwa aka yi mini. Ni ake jira."

"Allah ya jiƙansa, yallaɓai. Ka zauna, za a kira ku."

Ko kai ba ta ɗago ba. Ban ga laifinta sosai ba, ita ma babu abin da ke hannunta, kuma wanda abin ke hannunsa ba a ganinsa balle a roƙe shi. Na koma kujera ina tafasa, na rasa wanda zan zaga.

Bayan azahar Baffa ya kira. "Ka kuwa gaya wa direban jirgin?"

"Na faɗa musu, Baffa."

"To me suka ce?"

Na ce sun ce in zauna, za a kira mu. Da la'asar ta yi na kira shi, bai ɗauka ba. Na gane.

Sai goshin magariba muka tashi, na kwana a Kano, washegari na isa Tarai. Telan nan yana zaune cikin masu karɓar gaisuwa. Ya samu sallar jana'iza, shi ya kama makara a inda ya kamata in kama.

Jirage sun ƙaru tun daga lokacin, har yanzu ina hawa, ina zaman jira, ban ga abin da ya sake ba kuma na daina sa rai. Baffa bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Da muka keɓe a zaure ya ce, "Mun bar fuskarsa a buɗe saboda kai har aka kira la'asar. Ni na rufe ta."