Manhajar da Ishaya Bai Kai ga Buɗewa Ba

Shekara shida ke nan da aka kashe Ishaya, maƙwabcina a Tunga. Ni tela ne, shi kuma yana da shagon buga takardu da kwamfuta, bango ɗaya ya raba mu. Ɗan kudancin Kaduna ne, amma ya riga ni sanin lungunan Minna.

Da safiyar ranar ya kafa kyamara a saman ƙofarsa, ya sa manhajarta a kwamfuta. Ya leƙo ya ce mini, "Malam Sani, da yamma ka zo mu buɗe ta, ka ga yadda kake hamma a kan keken ɗinki."

Ina masallaci sallar la'asar rikicin 'yan sara-suka ya ɓarke. Da na dawo na tarar da jini tun daga bakin kwata har ƙarƙashin teburinsa. Sara uku a ka, ɗaya a wuya, hannun damansa ya kusa rabuwa da jiki. Layi cike da mutane, amma kowa ya ce bai ga komai ba. Ban zarge su ba. Wanda ya ce zai haɗiye gatari, sai a riƙe masa ƙota, kuma ba mai son riƙewa.

Bayan kwana uku matarsa Rifkatu ta miƙo mini makullin shagon. "Malam Sani, ya ce mini ya sa kyamara. Ni ba zan iya kallo ba."

Na kunna kwamfutar. Na bi 'yan hotunan da ke fuskarta ɗaya bayan ɗaya, babu mai kama da kyamara. Na buɗe wannan, takardun makaranta. Na buɗe wancan, katin biki. Har na fara cewa ko bai gama sa manhajar ba. Sai na tuna yadda na sha ganinsa yana yi: ya danna alamar da ke kusurwar hagu ta ƙasa, jerin sunaye ya fito. Na danna. A can sama, inda ake jera sababbi, ga ta nan. Na kai linzamin kwamfutar kanta na danna.

Na ga wani direban keke napep, Garba, ya faɗo shagon a guje, kansa a fashe. Na ga Ishaya ya tura shi bayan injin hoto, ya fito ya tsaya a ƙofa, ya ware hannuwa. Waɗanda suka biyo Garba mutum huɗu ne, da adda da gora. Babu sauti, bakinsa kawai ke motsi. Da suka kai wa Ishaya sara na farko bai faɗi ba. Na biyu ma ya riƙe ƙyauren. Wanda ya kai masa na wuya, kaftanin da ke jikinsa ni na ɗinka shi da ƙaramar sallah.

Na ba da shaida a kotu. Mako biyu bayan nan aka watsa wa shagona fetur aka cinna wuta, kekunana biyu suka narke. An ɗaure uku. Na huɗun yana yawo har yau, wani lokaci ma yakan gaishe ni.

Da Ishaya zai dawo yau, zai ga kyamara a kusan kowane shago, da waya a hannun kowa. Idan faɗa ya tashi, sai ka ga hannuwa hamsin a sama suna ɗauka. Na tabbata zai tambaya, to wa zai tare ƙofa? Ni kaina ban san abin da zan yi ba da ina nan ranar, kuma na daina yi wa kaina ƙarya a kan haka.

Shagon yanzu na mai sayar da shinkafa ne, kwamfutar kuma ta lalace tuni. Garba yana raye, da tabo daga goshi har kunne. Kowace safiya yana zuwa unguwar Ketaren Gwari ya ɗauki 'ya'yan Ishaya mata biyu ya kai su makaranta. Ƙaramar ba ta tuna fuskar mahaifinta. Garba take kira Baba.